Almakashi, Gam da Kyamara: Nasiha ga Matasan Mafara, Bakura da Maradun

Ƙannena maza da mata na Talata Mafara da Bakura da Maradun,

Kowace shekara, daga tsakiyar azumi har zuwa daren jajibere, telolin garuruwanku ba sa runtsawa. Keke na ƙara, masu surfani sun duƙufa a kan wuyan kaftani, mabuga na jibgar shadda har ta ɗauki ƙyalli, masu lalle da masu kitso ko buɗa-baki ba sa yi a natse. Ranar idi kowa ya fito fes, a ɗauki hotuna ba adadi, a ɗora a WhatsApp, kafin gobe war haka sun ɓace. Babu wanda ya rubuta sunan telan, babu wanda ya ajiye hoton ɗaurin kallabin da ake yayi a bana. Shi kuwa mutumin Legas ko Landan da ya rubuta sunan ɗaya daga cikin garuruwan nan a intanet, abin da zai fara cin karo da shi shi ne ƙofar makarantar 'yan mata ta Jangebe da aka sace ɗalibanta a watan Fabrairun 2021, da motocin sojoji, da mata ɗauke da ƙunshin kaya a gefen hanya. Waɗannan hotuna gaskiya ne, kuma ban ce a ɓoye su ba. Wanda ya rasa nasa ya fi kowa sanin haka. Sai dai ba su ne ku gaba ɗaya ba. Ragowar hoton, wanda zai nuna yadda kuke ado, da yadda kuke tsayuwa, da abin da idonku ke kira kyau, babu baƙon da zai zo ya ɗauke muku shi.

Shi ya sa nake so mu yi magana a kan sana'o'i biyu da ke tafiya tare. Ta farko ita ce hoton sutura. Ya bambanta da hoton fasfo ko na taron biki, domin a cikinsa tufa ce ke ba da labari, tare da tsayuwar mai sanye da ita, da bangon da ke bayansa, da hasken da ya sauka a kansa. Gwanayen wannan fanni ba sa tsayawa a nuna riga don a saya. Sukan yi gwaji: a juya wa kyamara baya, a ɗauki inuwa a bar mutum, a sa zane da labulen baya su zama iri ɗaya har mace ta kusa nutsewa a cikin furannin atamfarta. Ta biyu ita ce yanka-da-liƙi, wadda Turawa ke kira kolaj: a yanko hoto daga nan, ƙyalle daga can, takarda daga wani wuri, a haɗa su a kan kwali ɗaya su faɗi abin da kowannensu shi kaɗai ba zai iya faɗa ba.

A littattafan tarihin zane za ku ga an ce wannan fasaha ta shigo a birnin Faris a 1912, lokacin da Georges Braque da Pablo Picasso suka fara liƙa takardar bango da guntayen jarida a jikin zanensu. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a Balin, wata mata mai suna Hannah Höch ta riƙa yanyanka hotunan mujallu, ta ɗora kan wannan a kan jikin wancan, tana sukar shugabannin zamaninta da irin kallon da ake yi wa mata. Abin da zai ba ku sha'awa shi ne, aikin da take ci da shi na kusan shekara goma shi ne zana samfurin ɗinki da saƙa a wani kamfanin buga mujallu. Almakashin ɗinki ne ya koya wa hannunta yanka. Wanda labarinsa ya fi kusa da naku kuwa shi ne Romare Bearden, baƙar fatar Amurka. Ya ga jaridun ƙasarsa ba sa nuna mutanensa sai cikin talauci ko tarzoma, sai ya ɗauki mujallu ya yayyanka, ya sake gina unguwar Harlem da fuskoki da hannaye da tagogi, da masu kiɗa, da tsofaffi a ƙofar gida. Ya baje wannan aiki a New York a 1964, kuma har yau ana koyar da shi.

To, kada waɗannan sunaye su sa ku ji kamar abin daga sama ya faɗo. Ku je rumfar dukawa ku zauna ku kalli hannun baduku. Zai ɗauki jar fatar akuya, irin wadda ta yi wa ƙasar Sakkwato suna har fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, ya rina wata kore, wata baƙa, wata rawaya, ya yanke su da aska, ya shafa musu abin liƙi, ya ɗora wannan a kan wancan, sannan ya bi da zare. Abin da ke fitowa a jikin titimi da jaka da kuben takobi da kayan doki, yanka-da-liƙi ne tsantsa, kuma ana yin sa a nan tun kafin a haifi kakan Picasso. Ku dubi rigar dogari, yadda ja da kore suka haɗu ba tare da ɗaya ya cinye ɗaya ba. Ku dubi lifidi a hawan Sallah. Ku dubi allon zayyana na mai saukar karatu, yadda aka raba fili gida-gida, kowane gida da launinsa. Ku kuma shiga ɗakin iyayenku mata na da, ku tuna jere: tasoshi da kwalla da fanteka da faifai, an ɗora su daga ƙasa har kusa da rufi. Matar da ta yi wannan jere ba ta shiga ajin zane ba, amma ta san cewa babba na zama ƙasa, ƙarami sama, ta san inda za ta sa ja don ido ya tsaya, da inda za ta sa fari don ido ya huta. Wannan ilimi ne, kuma gadonku ne. Har masu situdiyo na cikin gari da ke ɗora hoton maniyyaci a gaban jirgin sama, ko na ango a gaban benen da ba nasa ba, wannan aikin suke yi da kwamfuta. Abin da ya rage kawai shi ne niyya: mutum ya san dalilin da ya sa ya ajiye wannan kusa da wancan.

A nan ne duk sana'ar take. Na'ura ba ta zaɓi, kai ne ke zaɓi. In ka ajiye hoton hannun mai tallan fura kusa da guntun leshi mai tsada, ka yi magana. In ka liƙa tsohon hoton kakanka sanye da saƙi a kan hoton magudanar ruwan Bakolori, ka yi wata maganar da ta fi nauyi, domin dattawan yankin nan ba su manta ba cewa madatsar da aka gama a 1978 ta ci gonaki da gidaje, kuma a watan Afrilun 1980 'yan sanda sun buɗe wa manoman da ke neman diyyarsu wuta, aka rasa rayuka da yawa. Ruwan da ke ba ku shinkafa da albasa da tumatir a rani yana da wannan tarihi a ƙarƙashinsa. Kwali ɗaya zai iya ɗaukar albarkar da raɗaɗin a lokaci guda, abin da hoto guda ɗaya kan gaza.

Wajen hoton sutura kuwa, malamanku na kusa suna nan Afirka ta Yamma. Seydou Keïta ɗan kafinta ne a Bamako. Ya buɗe wurin ɗaukar hoto a 1948 a farfajiyar gidansu, da hasken rana yake aiki, kuma labulen bayansa na farko abin shimfiɗar gadonsa ne. Yakan ajiye rediyo da agogo da alƙalami da babur don wanda ke son ya ara ya ɗau hoto da su. Fim na da tsada, don haka yawanci sau ɗaya yake danna wa kowane mutum. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan, ku da ke danna hamsin ku zaɓi ɗaya. Kafin ya danna, ya riga ya gyara zaman matar, ya baza mata zanenta yadda kowace ƙwarya za ta fito, ya gaya mata inda za ta ajiye hannu don zobe da lalle su bayyana. Ya girmama tufar, ya girmama mai ita. Shi ya sa mutanen da ya ɗauka shekara saba'in da suka wuce har yau suke kallon mai kallonsu da ƙima.

Sai J. D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Nijeriya, wanda aka haifa a 1930 ya rasu a 2014. Daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan ƙasar nan, bai daina ba har ya tara kusan dubu. Mafi yawa daga baya ko daga gefe ya ɗauke su, babu fuska, sai kitso da wuya da farin bango, yana kuma kula da sunan kowane kitso. An nuna wannan aiki a babban baje kolin Benis na ƙasar Italiya a 2013. Ina kawo muku shi ne don dalili biyu. Na ɗaya, ya zaɓi abu guda ƙarami wanda kowa ke gani kullum ba ya kula, ya dawwama a kansa. Wa zai yi wa hulunanmu haka? Zanna-bukar, damanga, kube, dara, malfar makiyayi, kowace da karinta, domin yadda saurayi ke karya hula ba haka dattijo ke karyawa ba. Wa zai yi wa aska biyu da aska takwas, ko naɗin rawani, ko zanen lallen amare daga shekara zuwa shekara? Na biyu, ya nuna cewa hoto na iya cika ba tare da fuska ba. Lakin Ogunbanwo na Legas ya bi wannan hanya a zamaninmu, ya ɗauki maza sanye da hulunan ƙabilun Nijeriya sun ba kyamara baya. A wurinmu, inda kunya ado ce, inda yarinya da iyayenta ke da dalilin ƙin yaɗuwar fuskarta, wannan ƙofa ce a buɗe. Faɗuwar mayafi a kafaɗa, da tafin hannu mai lalle a kan shuɗin rini, da inuwar babbar riga a jikin katangar ƙasa, sun ishi mai ido aikin shekaru.

Ku kuma nemi aikin Hassan Hajjaj na Maroko, wanda ke shimfiɗa tabarmar roba a bayan mutanensa, ya kewaye hoton da gwangwanayen kanti. A Nijar maƙwabciyarmu, Alphadi ya kai bikin nuna tufafin Afirka cikin hamada kusa da Agadas a 1998. Ban ce ku kwaikwaye su ba. Makaɗi Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura da ya yi zamansa a Maradun, ya kai sunan Maradun ko'ina ana jin Hausa, kuma da Zamfarcinsa ya kai shi. Da ya ari bakin wani, da ba mu san shi ba. Saurayin Mafara da ya sa jaket ɗin sanyi a watan Afrilu ya jingina da motar wani don ya yi kama da abin da ya gani a Instagram, ya zama na dubu a layin da ba nasa ba. Wanda ya ɗauki manomin rani da malfarsa da wandonsa a naɗe, a kan bakin kwalbatin ruwa da sassafe, shi ne na farko a nasa layin.

Kada rashin babbar kyamara ya tsayar da ku. Wayar da ke hannun yawancinku ta isa a fara. Abin da za ku koya shi ne haske. Ranar tsaka maƙiyiyar fuska ce, tana zuba inuwa a cikin ido, tana ƙone ƙyallin shadda ya koma fari fat babu zane. Ku yi aiki daga fitowar rana zuwa hantsi, ko daga bayan la'asar zuwa gab da magariba. In dole ne da rana, ku tsayar da mutum daga cikin ƙofar zaure yana fuskantar waje, hasken da ke shigowa nan mai laushi ne. Wani ya riƙe farin kwali ko farin mayafi daga gefen da ya yi duhu, zai mayar da haske a kumatu. Hazon hunturu da kowa ke kuka da shi, ga mai hoto alheri ne, domin yana tace rana. Ku goge gilashin kyamarar kafin ku danna, ƙurar garinmu ba ta raina kowa. Kada ku ja hoto da yatsa don ya matso, ku taka da ƙafa ku matsa. Baƙin mutum cikin farar shadda jarrabawa ce ga kowace kyamara: ku taɓa fuskarsa a jikin allon wayar, sannan ku rage hasken kaɗan-kaɗan har aikin wuyan rigar ya bayyana.

Akwai abin da ke ci mini rai, dole in faɗa. Manhajojin gyaran fuska da ke mayar da ƙanwarku fara sol, su goge mata hanci da tsagar gado, ba ado suke mata ba. Tun a shekarun 1950 kamfanin Kodak ke raba wa masu wanke hoto katin gwaji mai hoton Baturiya, da shi ake daidaita launi, shi ya sa baƙar fata ta daɗe tana fitowa dusu-dusu a hoto. An sha wahala kafin a gyara wannan. Abin takaici ne mu dawo da hannunmu mu ɗora wa kanmu ma'aunin da aka yi ba don mu ba. Ku koyi fito da baƙi da wankan tarwaɗa yadda Allah ya yi su, da sheƙinsu.

Kayan liƙi kuwa suna zube a ƙasa. Ku roƙi tela ƙyallayen da yake sharewa da yamma. Ranar kasuwar Talata ku duba buhunan taki da na shinkafa masu rubutu, da takardar sabulu, da tambarin da ake ɓarewa daga jikin atamfa, da tsohuwar kalanda. Reza sabuwa, almakashi mai kaifi, kwali mai kauri, da farin gam na kafinta ko ƙaro da aka jiƙa. Ku jera komai a kan kwalin ku yi ta matsarwa kafin ku shafa gam, ku bar shi ya kwana, da safe ku cire abu ɗaya ko biyu. Kuskuren mai koyo kullum cikawa ne. Ku fara da hannu kafin ku koma waya, domin wanda ya yanka takarda ya san yanka ba ya komawa, sai ya koyi tunani kafin motsi.

Yanzu ga maganar amana, wadda ta fi duk abin da na faɗa nauyi. Wanda ya tsaya gaban kyamararka ya ba ka mutuncinsa riƙo. Ka nemi izini kafin ka ɗauka, ka sake neman wani izinin kafin ka yaɗa, domin yardar ɗauka daban, yardar yaɗawa daban. In yarinya ce ko yaro, izinin na iyaye ne. In ta dawo bayan wata shida ta ce an sa mata rana, ka sauke hoton, ka sauke ba tare da gardama ba. Almakashin da ke gina fasaha shi ne kuma ke iya rusa aure: a ɗora kan 'yar mutane a jikin da ba nata ba, ko a ajiye mutum a wurin da bai taɓa zuwa ba. Yanzu da manhajoji ke ƙirƙiro hoto daga babu, wannan ya zo da sauƙi ƙwarai. Ga ma'aunin da zan ba ku: mai fasaha yana barin bakin yankan a fili, duk wanda ya kalla ya san haɗi ne, ya tambayi kansa me ake nufi. Maƙaryaci shi ke ɓoye bakin yankan don a ɗauka haka abin ya faru. Na farko sana'a ce, na biyu ƙazafi ne, kuma kun san hukuncin ƙazafi a addininmu.

Ku kula da takardar da kuke yankawa. Tsofaffin jaridu da kalandu da yawa na ɗauke da ayoyi da sunayen Allah, ba a yanka su, ba a shafa musu gam, ba a barin guntayensu a shara. Takardar naira ma ba kayan liƙi ba ce, dokar Babban Banki ta 2007 ta hana wulaƙanta ta. Batun hukuncin hoto kansa, malamai sun yi saɓani, da yawa sun bambanta hoton kyamara da sassaƙa, wasu kuma sun tsananta. Ku je wurin malamin da kuka amince da iliminsa ku tambaya, ku yi aiki da zuciya a natse. Wanda ya zaɓi barin hoton mai rai ma bai rasa fili ba, ga tufa, ga takalmi, ga hula a rataye, ga zanen bango.

Sai tsaro. Kun fi ni sanin halin da hanyoyinmu ke ciki. Babu hoton da ya kai ran mutum. Kada ku fita bayan gari ko bakin madatsa don neman wuri mai kyau alhali manya sun ce kada a je. Kada ku sa hoton da ke nuna ƙofar gidan wani, ko gwal ɗin matarsa, ko garken shanunsa, ko lambar motarsa. Ku kashe alamar wuri a kyamarar wayarku. Tsakar gida da zane ɗaya a rataye a igiya ya ishe ku situdiyo, ai Keïta bai fi haka ba.

Abu na ƙarshe da zan ja hankalinku a kai shi ne suna da ajiya. A 1991 an rataye hotunan Keïta a wani baje koli a New York, aka rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san mai ɗaukar ba. Sai da wani ya bi sawu har Bamako kafin a mayar masa da sunansa, kuma abin da ya cece shi shi ne ya adana dubban fina-finansa a cikin akwati. Samuel Fosso, wanda ya tsere wa yaƙin basasar Nijeriya yana yaro ya buɗe situdiyo a Bangui a 1975 yana ɗan shekara 13, ya yi suna ne da hotunan kansa da yake ɗauka da ragowar fim cikin tufafi iri-iri. A 2014 aka wawashe gidansa lokacin rikicin Bangui, aka watsar da aikinsa na shekaru a ƙasa, wasu 'yan jarida ne suka tsince abin da ya saura. Ku ma kun ga naku darasin a watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara na tsawon makonni. Abin da ke intanet kaɗai ba a hannunka yake ba. Ku riƙa ajiye asalin hoto a wuri biyu. In za ku tura ta WhatsApp, ku tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi ya rage masa kyau. Mafi kyawun goma na kowace shekara ku kai a wanke muku su a takarda, ku sa a leda cikin akwatin ƙarfe saboda gara da damina. A bayan kowanne ku rubuta da fensir: shekara, gari, sunan yadin, sunan ɗinkin, sunan telan, sunan mai lallen, da naku.

Wannan rubutun suna shi ne kuma hanyar abinci. Telan da ka nuna aikinsa da kyau ka ambaci sunansa, shi zai fara biyanka don ka ɗaukar masa ɗinkin Babbar Sallah, daga shi sai mai huluna, sai mai sayar da atamfa. Ku yi ciniki a fili kafin aiki, ku faɗi ko hoto nawa ne, da inda za a yi amfani da su. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Mafara da na kwalejin aikin gona ta Bakura za su iya haɗuwa su biyar ko shida, kowane wata su baje abin da suka yi a kan tabarma, kowa ya faɗi gaskiyar abin da ya gani. Wanda ya ji abin ya kama shi sosai, akwai sashen koyar da zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai bikin hotuna na LagosPhoto da ake yi tun 2010, akwai na Bamako da aka fara a 1994, inda Fosso ya fara fitowa duniya. Kafin ku kai can, ku fara da abin da ke kusa: ku roƙi kakarku ta buɗe muku adakarta, ta fito da zannuwan aurenta ɗaya bayan ɗaya, ta gaya muku sunan kowanne da wanda ya saya mata. Ku rubuta, ku shimfiɗa su a inuwa, ku ɗauka.